Ƙanƙara ta sauka a Jos, 'yata ta ce "sino"

Ranar nan da aka yi ruwa da ƙanƙara, 'yata mai shekara huɗu ta ruga tsakar gida tana tsinta tana ihu: "Baba, sino! Sino!" Wato "snow" take nufi, dusar ƙanƙarar Turai. Na yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ta haddace lokutan shekara na Turai guda huɗu, har da waƙarsu, amma ka ce mata damina, kaka, hunturu, bazara, sai ta zuba maka ido. Alhali hunturun Jos ne ke fasa mata leɓe duk Disamba.

Makarantarsu ta naziri, da harufa manya aka rubuta Montessori a jikin allonta. To ita Maria Montessori, a 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, kuma abin da ta tsaya a kai shi ne yaro ya taɓa, ya zuba, ya auna, ya share da hannunsa. Shi ma Froebel na Jamus da ya ƙirƙiro sunan kindagatin a 1840, ma'anarsa lambun yara, kuma da gaske yaran nasa shuka suke yi. Mu sunan muka ɗauko, muka bar aikin. Yaro na zaune a benci tun safe yana maimaita abin da bai taɓa gani ba.

Kuma fa Jos muke! Garin da in ka leƙa kasuwar Farin Gada za ka ga kabeji, karas da dankalin Turawa tuli-tuli, ga duwatsun Shere, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga gidan tarihi tun 1952 da sassaƙen mutanen Nok na zamanin da a ciki. Wane littafi ne zai fi wannan? Malama ta shigo aji da dankali guda da ƙasarsa a jiki, ta tambayi yara ina ya fito, ta yi shiru ta ji amsoshinsu. Darasin yini ya samu.

Malaman ba su kaɗai ke da laifi ba, ga ƙarancin albashi ga aji cike. Mu iyaye ne ke duba jaka da yamma, in ba mu ga shafi cike da rubutu ba mu ce kuɗinmu ya tafi a banza. Ni ma na sha yi, Allah Ya yafe.

Makon jiya muka huda gwangwanin madara, muka zuba ƙasa, ta binne wake uku da kanta. Kwana huɗu ya tsiro. Tun asuba ta tashe ni, wai me ya sa ya fito da hula a kansa, kuma wa ya gaya masa inda sama take. Ta farkon na amsa. Ta biyun na ce ta kai wa Malama, har da gwangwanin.