Ganyen da bai kashe bakteriya ba, kada a yi saurin yar da shi

Malamai da ɗaliban nazarin ƙananan halittu na Birnin Kebbi da Aliero, da ku nake. Aikin kammala digiri ya kusa zama abu guda: a jiƙa dogonyaro ko sabara ko zogale, a ɗiga ruwan a faranti, washegari a sa rula a auna filin da bakteriya ta mutu. In babu fili, sai a rubuta wai ganyen ba shi da amfani. Wannan hukuncin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A tekun Ostireliya, daura da Sidni, akwai wata jar ciyawa, Delisea pulchra, da jikinta ke zama tas alhali abin da ke kewaye da ita duk ya yi yauƙi. A 1996 masu bincike na Ostireliya da Denmak suka nuna cewa sinadaranta, furanon masu ɗauke da buromin, suna hana bakteriyar Serratia liquefaciens malala a faranti, amma tana nan da ranta tana hayayyafa. Kowace ƙwaya tana fitar da sinadarin saƙo. In saƙon ya taru, sai su san sun yi yawa, su ɗunguma gaba ɗaya kamar 'yan gayya. Furanon ya yi kama da saƙon, sai ya shiga gurbinsa ya dagula kiran.

Sinadaran sun tsayar da malalar bakteriyar Proteus mirabilis ma. Duk wanda ya yi aiki a lab ya san ta: ka shuka ta a tsakiyar faranti, da safe ta mamaye shi zobe-zobe, ga wari. Ita ce ke bin robar fitsari ta hau mafitsarar majinyaci, ta tara tsakuwa ta toshe robar. Hana irin wannan tafiya ai ba ƙaramin abu ba ne, ballantana yanzu da magungunan kemis ke ta gazawa.

Kada mai tallan magani a kasuwa ya fake da wannan. Furanon yana da guba, bai zama maganin mutum ba.

Roƙona, a sassauta kaurin agar, wato daskararren abin da ake shuka bakteriya a kansa a faranti, daga kashi 1.5 zuwa kamar 0.6 cikin ɗari don bakteriya ta samu damar malala, a auna tafiyar bakteriya tare da mutuwarta. Ba mu da teku, amma kainuwa da bado da gansakuka suna nan cike da fadamun Argungu da Yawuri, a fara da su.