Da kun yi magana kan kitsen tumbi

Na ji daɗin rahoton da kuka kawo kan kitsen jikin mutum, wanda ya ce kitse ba ajiya kawai ba ne, yana zuba sinadarai cikin jini. Haka yake. Tun 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka da abokan aikinsa suka gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san yawan abin da jiki ya tara.

Amma da kun faɗi inda kitsen ke taruwa. Na cinya bai kai na ciki haɗari ba, wanda ke lulluɓe hanji, ya cika hanta. Shi ne ke sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, sai ciwon suga ya biyo baya. Mu kuwa mutum ya ajiye tumbi, riga ta ɗage ta gaba, sai a ce "Alhaji, an samu!" Abin da ya fi damuna 'yan matanmu masu shan dexamethasone, wani maganin rage kumburi, kafin biki don su ciko, fuska ta kumbura, suga ya hau.

Don Allah ku gayyato likita ya koya mana awon ƙugu, tunda ana so zagayen ciki wajen cibiya kada ya kai rabin tsayin mutum.