An ɗauke alƙalami daga kansa, naki kuwa yana rubutu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana iyaye.

Ranar Talatar da ta wuce na shiga wani gida yin barka. Muna zaune a ɗakin mai jego sai muka ji ƙarar faɗuwar abu a tsakar gida. Ashe yaron da aka yi wa ƙani ne, bai fi shekara biyu da 'yan watanni ba, ya janyo galan ɗin manja ya ɓarar. Kafin kowa ya motsa uwar ta ɗaga labule ta ce, "Allah ya tsine maka, ɗan banza! Allah ya haɗa ka da abin da ya fi ƙarfinka!" Yaron ya tsaya, hannu da riga duk manja, yana kallonta yana dariya, don bai san me aka ce ba. Matan ɗakin kuwa suka ci gaba da hirarsu. Ba wadda ta ce a'a.

Ban kawo labarin don in tona baiwar Allah ba. Na san halin da take ciki: kwana biyar ba barcin kirki, ga wankan jego safe da yamma, ga baƙi suna shiga suna fita, ga tsadar manja. Kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikin irinsa. 'Yata ta biyu tana rarrafe ta taɓa tsoma min waya a bokitin wanki, na faɗa mata wata kalma da har yau nake neman gafarar Allah a kanta. Bayan kwana biyu ta kwanta zazzaɓi. Likita ya ce na cizon sauro ne, na kuma yarda, amma daren da na kwana a zaune riƙe da ita, kalmar nan ce take ta dawo min a kunne.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa a wata tafiya ta yaƙi, wani mutumin Madina ya hau raƙuminsa, raƙumin ya yi masa taurin kai, sai ya tsine masa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi wanda ya la'anci raƙuminsa. Mutumin ya ce shi ne. Sai ya ce masa ya sauka daga kansa, kada ya biyo su da abin da aka la'anta. Sannan ya ce kada ku yi wa kanku mummunar addu'a, kada ku yi wa 'ya'yanku, kada ku yi wa dukiyoyinku, kada ku dace da wata sa'a da ake roƙon Allah a cikinta ya amsa muku. A kan raƙumi fa aka yi wannan faɗan. To ina ga ɗan da kika ɗauka wata tara, wanda Allah ya siffanta ɗaukar cikinsa a Suratu Luƙman da cewa rauni ne a kan rauni? Mu Hausawa mun fi kowa faɗin cewa bakin uwa kaifi gare shi. Muna faɗa wa 'ya'ya haka don su ji tsoron saɓa mana, sai mu manta cewa mai riƙe da wuƙa shi ya fi cancanta ya yi hattara da ita. Ba wadda ta san wace sa'a ce ƙofar sama take a buɗe. Yaro ya kai shekara ashirin ya gagari kowa, a yi ta yawon neman rubutu da tofi, ana zargin kishiya, ana zargin maƙwabta, ba a tuna abin da aka riƙa jifansa da shi tun yana tatata.

Abin da nake so ya zauna mana a zuciya shi ne wannan. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Manjan da yaron nan ya zubar ba mala'ikan da ya rubuta. Fitsarin da ya yi a kan sallaya, littafin da ya yaga, kukan da ya hana ki barci, duk ba su shiga littafi ba. Abin da ya shiga littafi shi ne abin da ya fito daga bakinki da hannunki bayan nan. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 78, ya fitar da mu daga cikin uwayenmu ba mu san komai ba. Wanda bai san komai ba, da taɓawa da jefarwa da sawa a baki yake koyo. Abin da muke kira ɓarna ko ƙiriniya, a wurinsa karatu ne.

Ku duba yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake da kukan jariri. Ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita, saboda ya san irin damuwar da kukan yake jefa uwarsa a ciki. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Bai aika a ce matar ta fita ba, bai juyo bayan sallama ya yi mata faɗa ba. Sallar da ya kira sanyin idonsa ita ya rage. Ummu Ƙaisi 'yar Mihsan ta kawo masa jaririnta da bai fara cin abinci ba, ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufafi. Ruwa kawai ya nema. Ba tsaki, ba ture yaro, ba kunyata uwa.

A nan sai in juyo gare ku, iyaye maza, don nasihar nan ba ta mata kaɗai ba ce. Akwai maigidan da in jariri ya fara kuka cikin dare abin da yake iya faɗa kawai shi ne, "Ki fitar min da yaron nan, gobe ina da aiki." Ita kuma da wa za ta ce? Tun asuba take tsaye. Malam, ka sani cewa shugabanka ya yi limanci ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. Wata rana ya daɗe cikin sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, da ya sallame ya ce ɗansa ne, wato jikansa, ya hau bayansa, bai so ya gaggauta masa ba sai ya gama biyan buƙatarsa. Anas ya ce bai taɓa ganin wanda ya kai shi tausayin iyali ba: ɗansa Ibrahim yana wurin shayarwa a wani gida a gefen Madina, mijin mai shayarwar maƙeri ne, gidan cike da hayaƙi, amma haka yake takawa ya shiga ya ɗauki yaron ya sumbace shi ya dawo. Kai kuma naka yana ɗaki ɗaya da kai, sai a yi sati ba ka ɗauke shi ba.

Na san akwai alkunya, musamman ta ɗan fari. Mun taso mun ga iyayen da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban surukai. Kunya alheri ce, ban zo rushe ta ba. Amma a da, in uwa ta kau da kai, akwai kaka da goggo da inna a cikin gida ɗaya, yaro ba ya rasa cinyar zama. Yau ku biyu ne a gidan haya. In kai ka kau da kai ita ma ta kau da kai, wa ya rage masa? Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Akwai abu biyu da gajiya take sa mu yi waɗanda suka wuce batun tarbiyya, suka shiga batun rai. Na farko jijjiga. Jariri ya ƙi yin shiru, a kama kafaɗunsa a girgiza da ƙarfi ana cewa "ka yi min shiru!" Kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, wuyan bai yi ƙwari ba, ƙwaƙwalwar kuma tana bugun ƙoƙon kai. Daƙiƙoƙi kaɗan sun isa jini ya zuba a ciki, a samu makanta, ko farfaɗiya, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Likitocin yara sun ce kukan jariri yakan kai ƙarshen yawansa ne wajen sati 6 da haihuwa, ya fara raguwa wajen wata 3 zuwa 4. Wato kwanaki ne masu wucewa. In kika ji ranki ya kai wuya, kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki yi alwala, ki miƙa shi ga babansa ko maƙwabciya. Kuka na minti biyar bai kai haɗarin hannun mai fushi ba.

Na biyu ɗirka wa yaro magani don ya yi barci. A aiki yaro kemis a ce a ba da na mura mai sa barci, saboda ana da biki ko ana son a gama aiki. Wannan cin amana ne, ko da uwa ce ta yi. Haka nan ɗabi'ar cewa komai haƙori ne: zawo haƙori, amai haƙori, zazzaɓi mai zafi haƙori, a yi ta ba da maganin da ba likita ya rubuta ba. Mun manta da My Pikin, maganin haƙorin da ya gurɓata da guba ya lalata ƙodar yara, ya hallaka 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009? In yaro yana zawo a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya ƙi kama nono, ko maɗigarsa ta faɗa, ko jariri ne da bai kai wata 3 ba jikinsa ya yi zafi, ba a jiran gari ya waye, asibiti za a nufa. Tofi da addu'a a yi su a kan hanya.

Sai ƙarya, wadda mun mai da ita kayan raino. "Zo ka karɓi alewa," ya zo da gudu a cafke shi a yi masa wanka. "Yanzu zan dawo," a zame ta ƙofar baya a wuni. Abdullahi ɗan Amir ya ce wata rana Manzon Allah yana zaune a gidansu, mahaifiyarsa ta kira shi ta ce zo in ba ka. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi. Ta ce dabino. Ya ce da ba ki ba shi komai ba, da an rubuta miki ƙarya. Abu Dawud ne ya ruwaito. Ga shi nan dai, alƙalamin yana aiki ko da wanda ake yi wa maganar bai iya haɗa jimla ba. Haka tsoratarwa da dodo, da ɗan sanda, da allura. Ki cusa masa tsoron allura yau, gobe ki kai shi rigakafi yana shure-shure ki ce ya cika rigima. Ki ce dodo yana cikin duhu, in ya kai shekara goma ya kasa fita alwalar asuba ki ce rago ne.

Duka kuwa ba sai na ja magana ba. Salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an ce a umarce su da ita suna da shekara 7, ba a ambaci duka a kanta ba sai a shekara 10, shi ma malamai suka gindaya masa sharuɗɗa. To a kan wane dalili ake marin ɗan wata goma sha takwas don ya yi kashi a wando? Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai mai tanƙwara icce a hankali yake bi, yau kaɗan gobe kaɗan. Ɗauke wuƙa da ashana da kalanzir daga inda hannunsa zai kai. Riƙe hannun ki ce a'a, ki maimaita sau ɗari in ta kama. Nana A'isha ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Tunda baki ya saba, sai a canza masa abin faɗa. Na san wata dattijuwa a unguwarmu, Allah ya ji ƙanta, in jikokinta suka ɓata mata rai takan ɗaga murya sosai, amma abin da ke fita shi ne, "Kai, Allah ya shirye ka! Allah ya yi maka albarka, sauko daga nan!" Fushin yana nan, muryar tana nan, kalmar ce kawai daban. Na gwada, a makon farko da wuya, daga baya harshe ya kama.

Da daddare kuma in kin kwantar da su, ko kai Malam in ka shigo ka same su suna barci, ga abin da Ibnu Abbas ya ce Annabi yana nema wa Hasan da Husaini tsari da shi, ya kuma ce da shi Annabi Ibrahim yake nema wa Isma'ila da Is'haƙa: "U'izukuma bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Ma'ana, ina nema muku tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da kowace dabba mai dafi da kowane ido mai cutarwa. In yaro ɗaya ne namiji sai a ce u'izuka, in mace ce u'izuki, in sun kai uku ko fiye u'izukum.