Tanimun na nan kwance cikin kabad

Jama'a ku ba ni minti biyu. Shekaranjiya nan Tawa ina kwashe kayan kawuna, Allah ya jiƙan shi, sai ga wani ɗan littafi duk gara ta ci gefen shi, wasan kwaikwayo ne na André Salifou mai suna Tanimoune. Na kai shi fada da dare na tambayi samari tara wa ya san shi, wallahi ko ɗaya. Da ƙyar wani ya tuna sunan mutumin, wai ba shi ne ya jagoranci taron ƙasa na 1991 ba? Shi ne fa, ɗan Damagaram, an haife shi 1942, malamin tarihi, ya rasu 2022. Siyasar shi mun sani, teyatur ɗin shi ko oho.

Wasan kan Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu ne, wanda ya yi sarauta har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeran shi suna zuba igwa nan gida, ayarin shi na kai wa har Tarabulus, ga ja-in-ja da Barno wadda a da ita ake kai ma gaisuwa. Ku faɗa min wane labari ya fi wannan dacewa da dandali? Amma da Faransanci anka rubuta shi, Présence Africaine ta buga shi can Paris farkon shekarun 1970. Ban ga laifin marubucin ba, zamanin nan in ba ka yi haka ba wa zai buga maka. Sai dai tsohuwar da kakanta ya ɗauki ƙasar ginin ganuwar nan bisa kai ba ta jin ko kalma guda, sai ƴan lakwal.

Abin da ke ci min rai kenan. Lokacin shugaban Nijar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta riƙe teyatur da Hausa da Zabarmanci, ana festibal na matasa kowace jiha ta kawo ƴan wasanta a yi gasa, kawuna ya ce su ba su da takarda ma, a zauna a tsara labari da baki, kowa ya san inda zai shiga, sauran kuma sai abin da Allah ya kawo bakinka a gaban mutane, gidan matasa ya cika har bisa katanga. Ga ƴan wasa irin su Yazi Dogo a rediyo da Télé Sahel, in an sa su ko mai shayi ba ya samun ciniki. To wanda anka yi da harshenmu mafi yawa ba a rubuta ba, ya bi masu shi kabari, wanda anka rubuta kuma yana harshen da kasuwa ba ta ji.

Wani zai ce yanzu zamanin TikTok ne, wa zai zamna awa biyu. Haba malam, mutanen da ke kwana filin kokowa tun la'asar?

Ni dai ra'ayina a nemi izinin iyalin shi a juya wasan nan da Hausa, a sa kakaki da algaita da kirarin fada na gaske, a fara nan MJC, gidan matasa da al'adu na Tawa, kafin a kai Yamai. Mushen da ke koyar da tarihi a unguwarmu ya ce zai zauna da ni mu gwada shafi goma na farko ranar lahadi. Wanda ke da kwafin da gara ba ta taɓa ba ya yi min magana, nawa shafi huɗu sun tafi.