Kadan da ke kogunanmu ba kadan Nilu ba ne

Shekara da shekaru littattafan kimiyya suna koyar da cewa kadan da ke kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi shi ne dai kadan Nilu. A 2011 wata masaniya, Evon Hekkala, da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin halittar kadoji daga sassan Afirka, suka tabbatar jinsi biyu ne. Namu na yamma shi ne Crocodylus suchus, sunan da Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ya raɗa masa tun 1807, aka daɗe ba a kula shi ba. Ta fuskar asali ma, kadan Nilu ya fi kusa da kadojin nahiyar Amurka a kan namu. Har busassun gawarwakin kadojin da mutanen tsohuwar Masar suka adana an gwada, sakamakon ya nuna irin namu ne.

Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, ina ruwanmu da dangin kada? Da ruwanmu ƙwarai. Kadan Nilu yana da yawa a gabashi da kudancin Afirka, har gonakinsa ake yi don fata. Muddin ana lissafa namu a cikinsa, duk wanda ya duba takarda zai ce lafiya lau, alhali masu farautar fata da ƙafewar fadamu suna cin namu. A kududdufin Archei da ke tsaunukan Ennedi na Chadi, 'yan tsiraru ne suka rage. Dabbar da ba a san ta daban ba ce, ba wanda zai ƙirga ta, balle ya ware kuɗin kare ta.

Maganar ba ta tsaya kan kada ba. A 2018 masana suka raba gamsheƙar daji, wadda ake ɗauka jinsi ɗaya ce, zuwa jinsi 5. Mai haɗa maganin sarar maciji dole ya san dafin wane maciji yake tatsa, kuma wannan rai ne na manomi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin samfurin dabbobinmu yana gidajen tarihin Turai da Amurka, can ake gwada shi. Muna da sassan nazarin dabbobi a jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri da Yamai. A ba su na'urori da kuɗin shiga daji, su haɗa kai da maharba da masunta, su bi dausayin Haɗeja da Nguru su tantance kwaɗi da guza da damo da ke ciki.