Ya iya lissafi a kasuwa, ya ci 6 bisa 20 a aji

Ɗan ƙanwata yana aji biyu na koleji a nan Garwa, ajin da ake kira sankiyem. Ranar da babu makaranta yakan zauna a teburin mahaifinsa a kasuwa, inda suke sayar da albasa da tattasai. Na sha tsayawa ina kallonsa. Mace za ta ce a ba ta albasa ta dala saba'in, ta miƙa jaka guda, kafin ta gama gyara goyonta ya ƙirgo mata canjin dala ɗari da talatin. Wata ta zo da Faransanci ta ce na sefa 350 take so, shi kuwa ya san kuɗin nan ɗaya ne da na farkon. Yana ninkawa da biyar, yana rabawa da biyar, wuni guda, ba biro ba takarda.

Da takardar sakamako ta fito, 6 bisa 20 ya ci a lissafi. Na ce ya kawo littafinsa. Darasin da ya kayar da shi shi ne na daidaiton adadi: layi biyu na lambobi, da kibiya a gefe, da lambar da ake ninkawa da ita a sauko daga layin sama zuwa na ƙasa. Na ce masa ya rubuta dala a sama, sefa a ƙasa. Ya rubuta, ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce, "Kawu, wai shi ke nan abin?" Na ce shi ke nan.

Tun ranar nake bin littattafan yaran gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya sa na daina yarda da masu cewa lakwal, wato makarantar boko, ba ta koya wa yara komai yanzu. Ana koya musu abu mai yawa, wataƙila ma ya yi yawa. A shekaru huɗun koleji, daga siziyem (aji ɗaya) zuwa turwaziyem (aji huɗu) inda ake rubuta jarrabawar BEPC, yaro yana ɗauke da Faransanci, Ingilishi, lissafi, kimiyyar rai da ƙasa, tarihi, labarin ƙasa, tarbiyyar ɗan ƙasa, kwamfuta da motsa jiki. Idan ya shiga katiriyem (aji uku) sai a ƙara masa fizik da shimi, a kuma ce ya zaɓi wani harshe: Jamusanci, Sifaniyanci ko Larabci, wasu makarantun har da Sinanci. Matsalar ita ce kowane darasi yana cikin akwatinsa a kulle, kuma ba mai gaya wa yaron cewa abin da ke cikin akwatin yana tsakar gidansu.

A dubi madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai da taimakon ƙasar Sin. Injinanta huɗu an yi su ne don ba da megawat 72, kuma da ita arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara wajen wuta. Malamin fizik yana koya wa yara yadda ƙarfin ruwa ke juya inji ya zama lantarki. Malamin labarin ƙasa yana koyar da damina da rani da yadda yashi da laka ke cika tafki. Malamin kimiyyar rai yana zana dodon koɗi a allo, ya ce a jikinsa ƙwayar tsargiya take girma kafin ta shiga fatar mai wanka a ruwan da ba ya gudu. Malamin tarbiyyar ɗan ƙasa yana magana kan haƙƙin maƙwabci, alhali duk shekarar da aka buɗe ƙofofin Lagdo mutanen Yola da na ƙasa da ita a Najeriya ba sa barci, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Darasi huɗu ke nan a kan ruwa ɗaya. Yaron da wuta ta ɗauke masa a watan Afrilu yana tsakiyar karatu ya haddace duka huɗun, bai taɓa haɗa su da duhun da yake zaune a ciki ba.

Tarihi ma haka. A siziyem suna rera cewa Masar kyautar kogin Nilu ce, saboda lakar da ambaliya ke bari. Madalla. Amma kakan yaron da ke Marwa yana dasa dawar muskuwari a ƙasar laka da ake kira karal bayan ruwa ya janye, ya girbe dawa da rani ba tare da ɗigon ruwan sama ba, kuma wannan dabara ba ta gaza ta mutanen Fir'auna ban mamaki ba. A turwaziyem suna haddace yarjejeniyar Jamusawa da sarakunan Duwala ta 12 ga Yuli 1884 da taron Balin. Na tambayi wata 'yar ɗan'uwana yaushe Jamusawa suka ci Garwa, garin da aka haife ta, ta ce ba a ba su wannan a taƙaitaccen bayanin da za su haddace ba. A 1901 ne. Shekara guda kafin nan aka yi yaƙin Kusiri, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lami suka mutu rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900. Sunan Modibbo Adama ta san shi, amma ba ta taɓa lura cewa daga sunansa aka samo Adamawa, ta nan da ta Najeriya, ba.

Abin takaicin shi ne a takarda gwamnati ta riga ta yarda da duk abin da nake faɗa. Dokar tsarin ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ce makaranta ta fitar da ɗan ƙasa mai saiwa a al'adarsa, ta kuma ambaci bunƙasa harsunan gida. Tun 2012 aka fara shigo da sabon salon koyarwa a sakandare, wanda malamai ke kira APC, kuma ginshiƙinsa shi ne a fara kowane darasi da wani lamari na rayuwar yau da kullum. Har darasin harsuna da al'adun ƙasa yana cikin manhaja. To ina aka tsaya?

A ganina a bakin harshe aka tsaya. Yaron Bahaushe a Garwa yana tashi da Hausa a gida, Fulatanci a titi, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lakwal, ga Ingilishi, ga kuma na shida yana jiransa a katiriyem. Wannan yaro gwani ne, amma makaranta ba ta ƙirga masa sai harsunan da ita ta koya masa. Lamarin rayuwar da ake buɗe darasi da shi ma da Faransanci yake zuwa, sau da yawa da misalin da aka ɗauko daga littafin da aka rubuta da yaran Yawunde a rai. Sai yaron ya haddace misalin, ya haddace ƙa'idar, ya juye su a takardar jarrabawa, ya wanke hannu.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya rabi. Ajin da ya cika har wasu na zaune a ƙasa ba wurin hira ba ne. Malamin da aka turo daga kudu ba ya jin Fulatanci balle Hausa. A aji ɗaya akwai ɗan Tufuri, ɗan Mundang, ɗan Fali, ɗan Giziga, da wane harshe za a fara? Wasu malaman ma ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ƙungiyar iyaye ce ke biyansu da ɗan abin da ta tara, wata ya zo wata bai zo ba. Uwa uba, BEPC da Faransanci ake rubuta ta. Duk na yarda, kuma ban ce a ajiye Faransanci ba. Yaron da bai iya shi ba a ƙasar nan an rufe masa ƙofofi da yawa. Minti biyar nake nema. Malami ya gama bayani, ya ce wanda ya gane ya juya ya faɗa wa na kusa da shi da harshen da suka ga dama. Ba sai malamin ya ji harshen ba. Manyanmu suna tuna lokacin da ake rataya wa yaro alama a wuya idan aka kama shi yana yaren gida a lakwal. An daina ratayawa, amma kunyar ba ta bar ajin ba.

Sauran rabin laifin namu ne, iyaye. Tambaya ɗaya muka iya: "Na nawa ka zo?" Idan ya haura 10 bisa 20 a ce Alhamdu lillahi, idan ya gaza a ɗauko bulala ko a nemo mai darasin gida. Ban taɓa jin uba ya ce wa ɗansa, zo ka gaya mini da Hausa abin da aka koya maka yau ba. Wannan tambaya ba ta buƙatar uban ya yi boko. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya zama ta saurari 'yarta tana bayanin yadda macen sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga jinin wani zuwa na wani, ta kuma nuna mata tsohuwar tayar da ruwa ya kwanta a cikinta a bayan ɗaki. Yarinyar da ta iya mayar da darasin Hausa ta gane shi. Wadda ta kasa, hadda kawai ta yi, kuma gara a sani tun kafin jarrabawa.

Har malaman zaure suna da rabo a nan. Wanda ya karanta ilimin gado ya san idan mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, don haka asalin rabon daga 24 ne: uku ga matar, huɗu ga uwar. Wannan shi ne daidai abin da yaran koleji ke zufa a kansa idan aka ce su haɗa ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Yaro ɗaya ne yake zuwa zaure da asuba ya tafi koleji da hantsi, kuma malaman biyu ba su taɓa zama sun gwada littattafansu ba.

Makon jiya na bi da ɗan ƙanwar tawa ta wurin wani magini da ke fitar da harsashin ɗaki a unguwarmu. Ya auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, ya yi ta matsar da turke har tsakaninsu ya cika mita guda cif, sannan ya ce kusurwa ta miƙe. Na gaya wa yaron cewa baɗi a katiriyem zai haɗu da wannan da sunan wani Bagirke, Fitagor. Maginin ya ɗago kai ya ce shi dai wurin maigidansa ya koya a Ngaundere, bai san Bagirken ba, amma a gaishe shi.