Yaron da ke kiɗa da jarka a Ƙofar Marusa

Akwai wani yaro da nake gani kusan kullum a bakin famfon unguwarmu, can wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Ba zai wuce shekara goma sha biyu ba. Wani mai ruwa yake taya turin kura, to idan layi ya yi tsawo sai ya kifa jarka tsakanin cinyoyinsa ya hau kiɗa. Ba bugun shirme ba fa. Hannun hagu na riƙe da kari, na dama na yi masa ado, can sai ya danna gefen jarkar da gwiwa sauti ya sauya, kamar mai matse kalangu a hammata. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya ina saurare, har matan da ke jiran layi sun fara gyaɗa kai. Sai wani dattijo ya daka masa tsawa: "Kai, tashi nan! Maroƙi za ka zama?" Yaro ya miƙe, kai a sunkuye, kamar an kama shi da sata.

Tun ranar abin yake cina.

Mu dai muna son kiɗa, makaɗin ne ba ma so. Ƙasar nan ce ta haifi Mamman Shata a Musawa, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kabarinsa kuma yana Daura tun 1999. Ƙasar nan ce ta Barmani Choge ta Funtuwa, wadda da ƙwarya ta yi suna har inda ƙafarta ba ta taka ba. Hawan Sallah babu tambari, babu kakaki da algaita, ai ya zama kilisa. Amma je ka neman aure ka ce wa waliyyi sana'arka kiɗa, ka ga yadda za a gyara zama.

A Benezuwela, a 1975, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi mai suna José Antonio Abreu ya tara matasa 11 a wurin ajiye motoci a birnin Karakas ya fara koya musu kiɗa tare. Shirin ya zama El Sistema, gwamnati ta ɗauki nauyinsa, yara dubu ɗaruruwa suka shiga, da yawansu daga unguwannin talakawa. A ciki aka sami Gustavo Dudamel, wanda ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗan Los Angeles a 2009. Amma ni ba Dudamel ne ya ɗauki hankalina ba, don mutum ɗaya ne. Sauran dubban da ba su yi suna ba su nake dubawa: yaro ya tashi daga makaranta, ya san akwai inda ake jiransa, akwai wanda zai tambaya in bai zo ba, an damƙa masa kaya mai tsada an ce amana ce. Ya koyi yin shiru idan ba layinsa ba ne. Wanda ya taɓa ganin 'yan amshi ya san wannan tarbiyya ce mai zaman kanta, don in ka riga uban tafiya shiga, ka ɓata waƙar kowa.

Za a ce mu ina muka ga kuɗin sayen kayan kiɗan Turawa? Wa ya ce su muke nema? A unguwar Cateura ta ƙasar Faraguwai, gefen juji, da gwangwanaye da gangunan mai aka ƙera wa yara kayan kiɗa, har suka zaga duniya da su. Na yi dariya da na ji ana mamakin abin, don kuntigin Ɗanmaraya Jos ma ai gwangwani ne da fata da tsarkiya ɗaya. Maraya ne kuma, sunan ba ado ba ne.

Kwanan baya na je wurin wani tsohon makaɗi, abokin mahaifina, ina gaishe shi. Na tarar da shi a zaure yana ɗaure fata a kangon kalangu, tsarkiya ɗaya a haƙori, ɗaya a hannu. Na ce, "Baba, wa kake koya wa a cikin yaran?" Sai da ya gama ja sannan ya ce, "Ɗana, duk sun hau mashin. In na tafi, kai wannan gidan tarihi." Kiɗa a wurinmu gado ne, ɗa ya koya wurin uba. To ga masu gadon sun ƙi, ga mai jarka yana so an hana shi. Tsakanin zauren nan da famfon nan bai kai tafiyar minti ashirin ba, amma babu wanda ya haɗa su. Aikin ƙungiyar agaji ke nan, ba wani abu mai wuya ba: ɗaki, tabarma, ɗan albashi ga tsoho, abincin rana ga yara, da sharaɗin duk wanda ya bar karatu, na boko ko na allo, ba shi ba taɓa kalangu.

Na san inda za a tare ni, kuma ban raina maganar ba. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, wanda ya ɗauki tsanani ba zan ja da shi ba. Sai dai ko shi zai yarda a koya wa yaro karin waƙa da amsa-amo, da yadda ake sarrafa murya, don 'yan Islamiyya ma da waƙa suke haddace abubuwa da yawa. Kuma a duba abin da ke jiran yaron in an hana shi wannan. Ba masallaci tsawar dattijon nan ta tura shi ba. Kauraye ma, 'yan dabar garin nan, ai suna ɗaukar yara, su kuma ba sa tambayar asali.

Inda na fi tsayawa shi ne a raba kiɗa da roƙo. Abin da dattijon ya tsana ba sautin jarka ba ne, miƙa hannu ne da bin bayan motar ɗan siyasa. Gaskiyarsa a nan. Duk ƙungiyar da za ta koyar da kiɗa ta bar yaro yana jiran liƙi, ba ta yi komai ba, bara ta sauya wa riga. A koya masa aikin situdiyo, haɗa sauti a kwamfuta, tallar rediyo, ƙera kalangu da gurmi na sayarwa, da yadda zai faɗi kuɗin aikinsa kafin ya fara, kamar tela ko magini. A Legas akwai MUSON, ƙungiyar raya kiɗa ta Najeriya, tun 1983, gidauniyar MTN kuma ta daɗe tana biya wa ɗalibai difloma ta shekara biyu a makarantar kiɗa ta MUSON. Mu a nan na taɓa kai wa wani mai hali maganar, ya ce shi ba zai tara maroƙa da kuɗinsa ba. Muna cikin maganar wayarsa ta yi ƙara, sai ga muryar Shata.

Jiya na koma famfo na sami yaron. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko zan kai shi wurin Baba, in iyayensa sun yarda. Ya ce uwarsa kaɗai gare shi, zai tambaye ta. Sai ya ɗan yi jim, ya ce, "Kawu, in zo da jarkata?"